Yanar Ido da Nisan Hanya: Ra'ayi Kan Makantar da Ke da Magani a Kalmalo

A cikin cututtukan da ke makantar da ɗan'adam, yanar ido na cikin 'yan kaɗan da aikin da bai kai rabin awa ba ke iya kawar da su, majinyaci ya kwana da bandeji, washegari ya ga fuskar jikansa. Duk da haka ita ce kan gaba wajen makantar da manya a Nijeriya. Binciken ƙasa kan makanta da raunin gani, wanda aka gudanar tsakanin 2005 da 2007, ya duba idanun mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 daga cikinsu makafi ne. Yanar ido ce ta haddasa kimanin kashi 43 cikin 100 na wannan makanta, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar gaba ɗaya irin wadda za a iya hanawa ce ko a warkar. Binciken ya kuma nuna cewa abin ya fi tsanani a Arewa fiye da Kudu, ya fi yawa a ƙauye fiye da birni.

Kalmalo, a ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, gari ne da ya haɗa waɗannan siffofi. Yana bakin iyakar Nijeriya da Nijar, daura da Birnin Ƙonni, kuma tsakanin Illela da birnin Sakkwato akwai tafiyar fiye da kilomita 80. Jama'arsa manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, masu dogaro da damina da noman rani a gefen tafki. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, dattijon da yana ta rufe wa ido a irin wannan gari, abin da ya tsare shi a ɗaki ya fi kama da gazawar tsari fiye da tsufa: an bar shi da gurguwar fahimta, an bar shi da nisan hanya, sannan ba a tabbatar masa da ingancin aikin da ake kiransa zuwa gare shi ba.

Sunan da ke ɓatar da mai ciwo

Matsalar ta fara ne daga harshe. Bahaushe ya san yana a saman madara ko kunun da ya huce, abu ne da ake yayewa da ludayi. Da aka ce yanar ido, sai hankali ya ɗauka wata fata ce ta shimfiɗu a saman ido, wadda ɗigon magani ko kwalli ko tsime zai iya wankewa. Gaskiyar lamarin daban take. A cikin ido, bayan baƙin nan da muke gani, akwai wani ɗan madubi garai-garai mai kamar ƙwayar wake, wanda aikinsa shi ne tattara haske ya sauke shi a kan tantanin da ke bayan ido, daga nan jijiyar gani ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. Sinadaran da suka gina wannan madubi sukan sauya da shekaru, su dunƙule, sai ya dushe kamar gilashin fitilar da hayaƙi ya turnuƙe. Wannan dushewa ita ce yana. Tana cikin ido, a wurin da ɗigo ba ya gyarawa, kuma har yau babu wani magani na sha ko na ɗigawa da aka tabbatar yana narkar da ita.

Ya kamata kuma a raba ta da makwabtanta. Hakiya tabo ce a fatar gaban ido, wadda rauni ko ƙyanda ko gashin ido mai juyawa ciki kan bari. Hawan jinin ido kuwa jijiyar gani yake cinyewa a hankali, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Idan jama'a suka haɗa waɗannan duka a suna ɗaya, sai a ji ana cewa an kai wane asibiti bai warke ba, alhali ciwonsa ba yana ba ne tun farko. Labari ɗaya irin wannan ya isa ya zaunar da mutum goma da aiki zai amfana.

Alamomin yana sukan zo sannu, ba tare da zafi ba. Mutum zai riƙa gani dishi-dishi kamar cikin hazo, hasken rana ko fitilar mota ya riƙa kashe masa ido, launuka su koɗe, karatu ya gagara. Daga baya tsakiyar baƙin idon ta koma fari. Babban dalilinta shekaru ne, amma ciwon sukari da shan taba da daɗewa cikin zafin rana da bugu a ido suna gaggauta ta. Haka ma wasu magungunan ɗigo masu kwantar da kumburi da ake saya a kemis ba da takardar likita ba: yawan amfani da su na jawo yana, yana kuma jawo hawan jinin ido. Akwai jariran da ake haihuwa da ita. Duk yaron da aka ga fari a tsakiyar idonsa, a garzaya da shi asibiti a makon, domin idon da bai koyi gani da wuri ba yakan kasa koyo daga baya, kuma wannan farin kan iya zama alamar ciwon da ya fi yana haɗari.

Aikin kansa

Tsoron aikin ido ya ginu ne kan zato. Akwai masu cewa ana ciro ido a ajiye a faranti, a wanke, a mayar. Babu wannan. Ido yana nan a gurbinsa. Kafin aiki ana gwada gani, a duba hawan jini da sukari, a auna tsawon idon da lanƙwasarsa domin a san ƙarfin madubin robar da zai dace da shi. A ranar aiki ana kashe zafin idon kaɗai, majinyaci yana farke yana jin maganar likita. Likita zai yi ɗan tsagi a gefen ido, ya buɗe jakar da madubin ke ciki, ya fitar da wanda ya dushe, ya sa na roba a madadinsa. A hanyar da aka fi bi a asibitocinmu, tsagin bai wuce milimita 6 zuwa 7 ba, kuma ana yin sa ta yadda zai rufe kansa, galibi ba ɗinki. Akwai wata hanyar da ake farfasa madubin da na'ura mai girgiza a zuƙe shi ta tsagin da ya fi wannan ƙanƙanta, sai dai ta fi tsada.

Bayan aiki akwai ɗigon magani na makonni, akwai kiyaye ido daga ƙura da ruwa mai datti da murza, akwai komawa a duba. Idan ido ya yi ja da zafi mai tsanani, ko gani ya ragu bayan ya dawo, wannan lamari ne na gaggawa. Yana ba ta sake tsirowa, amma jakar da ke riƙe da madubin roba takan dushe a wasu mutane bayan watanni ko shekaru, kuma ana share ta da hasken na'ura cikin 'yan mintuna. Wajibi ne a faɗa wa majinyaci gaskiya: aikin yana da haɗarinsa kamar kowane aiki, kuma idan sukari ko hawan jinin ido ya riga ya lalata bayan idon, cire yana ba zai dawo da abin da ya tafi ba.

Sai batun “bari ta nuna”. Wannan shawara ta samo asali ne daga zamanin da ake ciro madubin ɗungurungum. Yau ma'aunin shi ne, da zarar yana ta hana mutum sana'arsa ko karatunsa ko tafiya shi kaɗai, lokacin aiki ya yi. Yanar da aka bari ta wuce kima tana iya kumbura ko ta zuba, ta tayar da hawan jinin ido mai raɗaɗi wanda zai iya kashe idon baki ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan aiki bai faɗo daga sama ba. Kimanin shekara 1,000 da suka wuce, Ammar ɗan Ali mutumin Mausil, wanda ya yi aikinsa a Masar, ya bayyana yadda yake zuƙe yana mai laushi da allura mai rami. A 1747 likitan Faransa Jacques Daviel ya fara fitar da madubin daga ido maimakon tura shi ciki. A 1949 Harold Ridley ya dasa madubin roba na farko a asibitin St Thomas da ke Landan, bayan ya lura cewa ɓarɓashin robar jirgin sama da ya shiga idanun matuƙa a yaƙin duniya na biyu bai tayar da kumburi ba. A 1967 Charles Kelman ya fito da hanyar farfasawa da na'ura a Amurka. Abin da ya fi shafar mu shi ne darasin Indiya: asibitin Aravind da Govindappa Venkataswamy ya kafa a Madurai a 1976 ya nuna cewa za a iya yi wa talakawa aiki mai yawa kuma mai inganci, kuma masana'antar da suka buɗe a 1992 ta karya farashin madubin roba har ya zo hannun ƙasashe irin tamu.

Me ya sa mai allurar gargajiya ke riga likita?

Tsohuwar hanyar da Daviel ya bari tun ƙarni na 18 tana nan da ranta a ƙasar Hausa. Masu aikin ido na gargajiya sukan soka tsinke ko allura a gefen ido, su ture madubin da ya dushe ya faɗa can ƙasan idon. Haske yakan shigo nan take, majinyaci ya ga inuwar mutane, 'yan kallo su yi kabbara. Amma idon da ba madubi ba ya gani sosai sai da tabarau mai kauri, kuma madubin da aka ture yakan tayar da kumburi ko hawan jinin ido, ban da ƙwayoyin cutar da allurar ke shigarwa. Binciken ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 42.7 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, ta wannan hanya aka taɓa su, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanu an same su a makance.

Yana da sauƙi mai ilmin boko ya ce jahilci ne ya rufe littafi. Wannan hukunci bai isa ba. Mai aikin gargajiya yakan zo har gari, sau da yawa ranar kasuwa. Yana magana da harshen majinyaci, ana iya yin ciniki da shi, wani lokaci ya karɓi hatsi ko akuya. Ba ya buƙatar a bar gona. Shi kuwa asibiti yana Sakkwato: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na jiha, in kuma abin ya yi nisa, Asibitin Ido na ECWA ko na Makkah a Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Makaho ba ya tafiya shi kaɗai, don haka kuɗin mota na mutum biyu ne. Akwai abinci da makwanci, akwai zuwa gwaji, da zuwa aiki, da komawa duba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan lissafi ya ƙara nauyi. Ko an ce aiki kyauta ne, hanya ba kyauta ba ce. Iyalin da suka zaɓi mai allura sun yi lissafi ne da abin da ke gabansu, sai dai an ɓoye musu rabin lissafin, wato abin da ke faruwa da idon bayan wata uku, lokacin da mai allurar ya daɗe da ƙetare iyaka.

Nauyin ya fi faɗawa kan mata. Tsohuwa ba ta cika riƙe kuɗin kanta ba, ba ta fita sai an kai ta, kuma takan ji nauyin ɗora wa 'ya'yanta ɗawainiya. Sai a ce mata, “Inna, ki yi haƙuri, tsufa ne,” ita ma ta amsa da haƙurin. Ana kuma manta mutum na biyu da makantar ke kamawa: yaro ko yarinyar da aka cire daga makaranta domin jagora. Aikin ido ɗaya yakan 'yanta mutum biyu, ya mayar da manomi bakin tafki, ya mayar da yaro aji. Malaman addini sun daɗe suna karantar da cewa neman magani ba ya warware tawakkali, kuma ya dace wannan karatu ya fito fili a kan batun ido, a huɗuba da majalisi.

Aikin kyauta na lokaci-lokaci bai wadatar ba

Ba za a raina gudunmawar masu shirya aikin ido kyauta ba. Ƙungiyoyi irin su Sightsavers, wadda ta daɗe tana aiki da gwamnatin jihar Sakkwato, da gidauniyar Al-Basar, sun buɗe idanu masu yawa a Arewa. Mai goyon bayan wannan tsari zai ce likitocin ido kaɗan ne, galibinsu suna birane, saboda haka tara majinyata wuri ɗaya a yi musu aiki cikin 'yan kwanaki shi ne abin da ƙarfinmu zai iya. Akwai gaskiya a nan, kuma da babu gara ba daɗi.

Sai dai tsarin yana da giɓi. Wanda idonsa ya rufe wata ɗaya bayan tafiyar ayari zai jira shekara, ko ya jira ɗan siyasar da zai ɗauki nauyin zuwa na gaba. Wanda aka yi wa aiki ya sami matsala a mako na biyu bai san ƙofar da zai buga ba. Sannan abin da ake sanarwa a rediyo shi ne adadin waɗanda aka yi wa aiki, ba a cika jin adadin waɗanda suka gani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sa ma'aunin cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na idanun da aka yi wa aiki su sami gani mai kyau. A 2021 kuma babban taronta ya amince da burin ƙara maki 30 cikin 100, kafin 2030, a yawan masu buƙatar aikin da suka same shi kuma suka gani da kyau. Ma'anar wannan buri ita ce, aikin da bai dawo da gani ba ba ya shiga lissafi. A ƙauye ma haka abin yake: tsoho ɗaya da ya dawo yana karanta Alƙur'aninsa ya fi sanarwa ɗari, wanda kuma ya dawo da ido a lalace ya zama hujjar mai allura.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a kusantar da ganowa. Ma'aikacin lafiya na matakin farko a Kalmalo, da tocila da allon gwajin gani da horon 'yan kwanaki, zai iya gane wanda ganinsa ya ragu, ya ware mai farin ido, ya rubuta sunansa ya tura shi gaba. Wannan ba ya buƙatar sabon gini.

Na biyu, a mayar da zuwan likita abin da ke da rana sananniya. Idan aka ajiye ma'aikacin jinyar ido na dindindin a babban asibitin Illela, likita kuma ya riƙa zuwa daga Sakkwato a ranakun da kowa ya sani, to gwaji da duba bayan aiki za su kasance kusa da gida. A tsara ranakun da la'akari da kalandar manomi, domin wanda ke tsakiyar shuka ko girbi ba zai bar gona ba, kuma wanda aka yi wa aiki cikin hunturu yana buƙatar ƙarin gargaɗi kan ƙura.

Na uku, duk mai ɗaukar nauyin aiki ya sa kuɗin mota da na ɗigon magani cikin kasafinsa, na majinyaci da na ɗan rakiya, kuma a ware wa mata kaso da gangan. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha da masu rabon zakka da waƙafi suna da gurbi a nan, domin da wuya a sami sadakar da ke sauya rayuwar gida da kuɗi kaɗan kamar wannan.

Na huɗu, a riƙa ƙirga sakamako ana bayyana shi. Kowace cibiya da kowane ayari su rubuta yadda majinyaci ke gani kafin aiki da kuma makonni bayansa, ma'aikatar lafiya ta tattara, jami'a ta nazarta. Likitan da ya san ana duba sakamakonsa yakan ƙara kula.

Na biyar, a tuna cewa Kalmalo da Ƙonni jama'a ɗaya ce da layi ya raba. Aure da kasuwa da jinya duk suna ƙetare wannan layi, haka ma masu allurar gargajiya. An rufe iyakar a 2019 har zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, kuma kowace rufewa takan yanke wa wani majinyaci hanya. Ya kamata jami'an lafiya na Sakkwato da na Tawa su riƙa sanar da juna ranakun aiki, su kuma yi wa jama'a gargaɗi da murya ɗaya.

Na ƙarshe ya shafi masu karanta wannan mujalla kai tsaye. Sassan nazarin Hausa suna da aikin da likita ba zai iya shi kaɗai ba: daidaita kalmomin da za su raba yana da hakiya da hawan jinin ido, da rubuta bayanin aiki cikin Hausar da tsohuwa za ta gane, a boko da ajami, da shirya shi domin rediyo, wanda har yanzu shi ne abokin hirar makaho. A yi hakan da karin harshen Sakkwato da na Adar, a gwada shi a kan masu sauraro na gaskiya kafin a yaɗa. Ɗalibin da ke neman batun bincike zai sami taska a cikin yadda mutanen bakin iyaka ke siffanta ciwon ido da dalilan da suke bayarwa na ƙin asibiti.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kimar al'umma ma ana ganinta a yadda take yi da tsofaffinta. Ilmin cire yana ya kammala tun tuni, kayan aikinsa sun yi araha, kuma akwai likitocin da suka iya a Sakkwato. Abin da ya rage shi ne a rage nisan da ke tsakanin likitan da ɗakin da tsohuwa ke zaune a Kalmalo, kuma wannan aiki ne na ƙaramar hukuma da ma'aikatar lafiya da masarauta da jami'a. Kafin su motsa, duk wanda ke da dattijon da ganinsa ya fara dushewa ya kai shi a gwada idon a asibiti, kada ya bari allurar kasuwa ta riga shi.